Rariyar da Ba Ta Son Gaisuwa

"Daga yau, ko ƙuda ne ya zo da saƙo, sai ya nuna mini katin shaida kafin ya shiga akwatin nan."

Abokina, mai wannan cika bakin shi ne Injiniya, ƙanin uwar ɗakinmu mai shagon ɗinkin da nake yi wa guga. Kada ka tambaye ni makarantar da ta ba shi injiniyancin. Shi ya raɗa wa kansa sunan ranar da ya gyara mana fanka, fankar kuwa har yau silin take yi wa fifita. Gajere ne mai tumbi, yana saka tabarau ba don ciwon ido ba, yana tafe yana kaɗa makullai a yatsa alhali ko keke ba shi da shi.

Ga abin da ya kawo shi. Uwar ɗakinmu ta nemi aikin ɗinka wa wata babbar makaranta kayan ɗalibai, aikin da in ya faɗo za ta ƙaro kekunan ɗinki, mu kuma mu daina hamma da rana tsaka. Shugaban makarantar dattijo ne mai son komai a rubuce, ya ce ta jira amsarsa ta imel kafin a dawo daga hutu. Ba ita kaɗai ke neman aikin ba. Akwai telan tsallaken titi, wanda shagonsa ke kallon namu, kuma shi da uwar ɗakinmu ba sa ga maciji.

Matsalar ita ce akwatin imel ɗin shagon ya zama juji. Kullum ta buɗe tsohuwar kwamfutar da ke kan teburin yanka, sai ta tarar da wata matar marigayi tana neman wanda zai taya ta ɓoye zinari, wani yana taya ta murnar cin motar da ba ta shiga gasarta ba, ga masu maganin sanƙo da na rage tumbi. Tsoronta kada amsar dattijo ta nutse a cikin wannan tarkace. Ta yi kuskuren faɗa a gida, gogan naka ya ji.

Ya iso da safe, ya ture yadin mutane gefe, ya sa aka kawo masa lemo mai sanyi, wai ƙwaƙwalwa ba ta aiki da ƙishirwa. Ya daɗe yana karanta saƙonnin ’yan damfara yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Can ya buga tebur, har almakashi ya yi tsalle.

"Yaya, na kama su. Dubi nan. Duk da gaisuwa suke farawa. Ya ƙaunatacce, barka da war haka, da fatan kina lafiya, Allah ya yi albarka. Mai gaskiya ba ya doguwar gaisuwa, abin da ya kawo shi yake faɗa."

Na ɗago daga kan dutsen guga na ce ni dai a iya sanina, mutumin kirki ko aron allura ya zo yi sai ya tambayi gida da yara da gajiya. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in tsaya a kan gawayina, ilimin na'ura ba na masu fesa ruwa da baki ba ne. Na koma kan aikina.

Nan take ya haɗa abin da ya kira rariya. Duk saƙon da ke ɗauke da gaisuwa, ko addu'a, ko fatan alheri, kai tsaye kwandon shara. Kuma wallahi washegari akwatin ya yi tsit. Uwar ɗakinmu ta yi ta sa masa albarka, shi kuwa ya zagaye layin yana ba mai kanti da mai aski labari, har da cewa bankuna sun fara nemansa.

Sai dai masu maganin sanƙo ba su san gaisuwa ba. Su kansu tsaye suke shigowa, da hoton ƙoƙon kan wani bawan Allah yana sheƙi. Injiniya ya ce wannan ƙaramin alhaki ne, ya ƙara wa rariya doka: duk saƙo mai hoto, shara. A satin nan amare biyu suka zo suka yi mana tas, wai sun turo hoton ɗinkin da suke so an yi biris da su. Ya bi su har bakin ƙofa yana bayyana musu cewa laifin wayoyinsu ne.

Hutu ya fara ƙarewa, babu amsar dattijo. Uwar ɗakinmu ta rame a tsaye. Da ta ji kwamfuta ta yi ƙara, sai ta saki keke ta ruga, ta dawo jiki a sanyaye da maganin tumbi. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, domin har ta yi wa mai yadi maganar ya ajiye mata bandir-bandir na shuɗi. Ta ce ko ta buga wa dattijon waya? Injiniya ya dafe ƙirji ya ce manyan kamfanoni ba sa kira, kiransu ake yi, in ta kira za a ce ta ƙagu. Ta ce to a leƙa kwandon sharar nan mana. Ya ce shi a aikinsa ba a tona shara, raini ne ga rariya.

Shi dai ya leƙa a ɓoye, bai karanta komai ba, ya ga wasu sunaye suna ta maimaituwa. Ransa ya ɓaci da naci irin na ɓarayi. Sai ya ƙirƙiro abin da ya kira gamawa da su: duk wanda rariya ta kama, kwamfuta ta mayar masa da amsa da kanta. Ya karanta mana amsar yana dariya har da riƙe ciki: "Mun gane ka, ɗan damfara. Je ka nemi sana'a."

Ranar da abin zai fashe, shagon cike yake. Ga masu karɓar ɗinki, ga mai yadi ya zo jin inda aka kwana, ga mai aski ya leƙo kallon abin al'ajabi. Kwamfuta ta yi ƙara. Injiniya ya duba, ya miƙe tsaye, ya gyara tabarau, ya ce kowa ya tsayar da kekensa.

"Yaya, saƙon shugaban makaranta. Kin gani? Tarkace a waje, na gaskiya a ciki. Jama'a ku shaida."

Uwar ɗakinmu ta rangaɗa guɗa, ’yan matan shago suka hau tafi, ni kaina na ajiye dutsen guga na taka rawa. Ya yi gyaran murya irin ta masu karanta labarai, ya fara da ƙarfi. Saƙon layi ɗaya ne, ko sallama babu:

"Ɗan damfara ya ji shawararku, ya kai aikinsa tsallaken titi."

Yana kaiwa kalmar titi, ya matsa kusa da kwamfutar ya sake dubawa. Uwar ɗakinmu ta ture shi, ta buɗe kwandon sharar da hannunta. Ga saƙonnin dattijo jere reras, kowanne da sallama, da tambayar iyali, da fatan alheri. Na farko yana taya ta murnar samun aikin. Na biyu yana tambaya ko lafiya ya ji shiru. Na gaba yana cewa ya ga wata amsa da bai gane ba, yana kyautata zaton kuskure ne, Allah ya sa ba wani abu ya same ta ba. Bawan Allah, ana zaginsa yana ƙara gaisuwa, rariya tana ƙara zaginsa. Sai da aka ƙure shi ya rubuto babu gaisuwa, shi ne ƙofa ta buɗe masa.

Muka juya gaba ɗaya muka kalli tsallaken titi. Mota ce tsaye ana sauke shuɗin yadi. Mai yadi ya sulale ya nufi motar ko sallama bai yi mana ba.

Injiniya ya yi tsuru-tsuru, gumi na bin tabarau. Ya fara cewa a kimiyyance dai rariyar ta yi aikinta. Uwar ɗakinmu ta ɗauki katakon awo, ya yi waje da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

A bakin ƙofa ya yi karo da telan tsallake, wanda ya tsallako da tef a wuya yana washe baki. Ya riƙe hannun Injiniya da hannu biyu a gaban duk mutanen layin, ya gaishe shi har da rusunawa.

"Ranka ya daɗe, tsaya in auna ka," in ji shi. "Kaftani kyauta. Duk cikin ma'aikatana babu wanda ya yi mini aiki kamarka."