Yadda Za Ka Ruɗi Gero Ya Ɗauka Damina Ta Sauka

Fari ya zauna, rijiyoyi sun ja baya, kai kuma kana so a san da kai a gari? Bi sawun Alkasum na Zermu. Na ba ka tabbaci, irinka zai tsiro.

1. Samo gishirin

Je kasuwar Mirriya, nemi Bakanon nan mai sayar da wani abu kamar gishiri, wanda in ya sha ruwa yake kumbura ya yi ɓul-ɓul. Zai ce maka a cikinsa Turawa ke shuka, sun daina jiran hadari. Kada ka tambaye shi ko ya taɓa riƙe hauya, rashin ladabi ne.

2. Karɓo iri

Nan aikin yake. Fatsuma, uwar Alkasum, ta rataye goran irin gero a ɗakinta. Gidan na cin tafasa da dusa, amma ta hana a taɓa shi, don shi kaɗai ya rage. Ta ce, "Ɗan nan, mu binne shi a busasshiyar ƙasa yadda muka saba, ya jira ruwa."

Ya ce, "Inna, jira ai na mutanen da ne."

Haddace wannan. Da shi ya karɓe goran.

3. Shayar da shi

Juye wa gishirin tulun ruwan da matarka ta ɗauko da sassafe, ka zuba irin duka. Yara in sun sha, ba a ganin inda ruwan ya shiga. Shi kuwa kumbura yake, kowa ya shaida.

4. Tara jama'a

Gero zai tsiro a tasa, kore shar. Alkasum har babbar riga ya sa ranar da mai gari ya leƙo.

5. Dubi sama

Fes take. Geron da ya tsiro kuwa ba ya komawa gora. Alkasum ya dasa rabi a rairayi, kafin la'asar tsiron ya kwanta.

6. Kada a yi asara

Fatsuma ta shanya sauran, ta niƙa, ta dama kunu. Tsiro na sa kunu zaƙi, wannan kam ba ƙarya. Ta miƙa masa ludayi ta ce, "Sha a hankali, Alkasum. Daminar bana ce gaba ɗaya."

Gargaɗi

In ruwa ya sauka bayan nan, kamar yadda ya sauka a Zermu, ka ga maƙwabta sun yi gona kai kana zaune da gora wayam, kada ka nufo ƙofata. Tsiro na yi maka alkawari, ban ce maka girbi ba.