Rawanin Hindu a Ƙofar Fada

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je ɗaurin auren ɗan sarkin garinmu da rawanin mutanen Hindu a kaina. A Gure ne, shekaru kaɗan kafin yaƙin Turawa na biyu. Lokacin ina maɗinki ɗan shekara ashirin da biyar, ina da rumfa a kasuwa, da hannu mai kyau, da kuma kai wanda bai cika zama wuri ɗaya ba.

Abin ya faro ne daga wata 'yar takarda. An kawo mini bandir ɗin yadi daga kantin Damagaram, a jikinsa an liƙa hoton wani mutum. Gashin bakinsa ya murɗe sama, ya sa doguwar riga mai maɓallai tun daga wuya har gwiwa, da wando tsukakke, da ɗamara, da takalmi mai lanƙwasasshen baki. Wuyansa kuwa duwatsun ado ne jere kan jere, ko amarya ba ta kai shi ba. Amma rawanin ne ya tafi da hankalina: ja da rawaya a karkace, ya yi tudu, ga wani tukku a tsaye kamar maficin kaba, ga jela ta sauko har gadon baya.

Na kai hoton wurin Alhaji Kiyari, wani tsoho maƙwabcinmu da ya je Makka a ƙasa ya shekara bakwai a hanya. Ya duba ya ce, "Wannan ai shigar sarakunan Rajputana ce, ɗana, can ƙasar Hindu. Na ga mutanensu a tashar jirgin ruwa. Ƙasarsu rairayi ce da raƙuma kamar tamu. Rawaninsu kamu ashirin ne, kuma da ganin naɗin za ka san garin mutum da matsayinsa." (Maganar ƙarshen nan ita ce mai amfani, ita ce kuma ban saurara ba. Jikana ya ce yanzu Rajastan ake kiran wurin.)

A lokacin tsohon maɗinkin fada idonsa ya mutu, ana neman wanda zai gaje shi. Mu biyu ake zance, ni da abokina Bukar. Duk wanda ya samu ya huta da zaman rana a kasuwa har abada, kuma ni na ƙwallafa rai ƙwarai. Na yi wata uku ina yi wa wata farar riga aiki, don in sa ta ranar bikin sarki ya gani. Wallahi har yau ban sake ɗinki mai kyanta ba. Da na tsaya nan da an gama. Sai na ce a raina, a cikin taron mutane wa zai lura da farar riga? Dole a fara ganin kai tukuna.

Na haɗa ƙyallayen ja da rawaya har kamu ashirin. Na yi ta naɗawa, ya ƙi yin tudu kamar na hoton. Sai idona ya faɗa kan ƙoƙon da Innarmu take auna nono da shi, wani mai zanen ƙuna a gefe, gadon kakarta. Na kifa shi a ka, na naɗe, sai ga tudu ya tashi. Tukkun na jiƙa shi da ruwan ƙaro ya sandare. Da na duba a ɗan madubina sai na ga guda ɗaya ya yi mini kaɗan, na ƙara na biyu. Na san sarai cewa rawani mai kunne biyu na 'ya'yan sarki ne kawai. Na ce ai nawa na Hindu ne, dokar Gure ba ta hau kansa ba.

Kwana biyu Inna tana neman ƙoƙonta. Har ta daina gaisawa da Ya Fanna, maƙwabciyarmu, wai ita ta gani ta shigo gidan. Ni kuwa ina zaune ina cewa, "Ki yi haƙuri Inna, zai fito." (To ai kuwa ya fito.)

Ran biki da hantsi na nufi ƙofar fada ina tafiya a hankali, wuya a sandare. Yara suka biyo ni, na ɗauka sha'awa ce. Wani baƙo daga Kelle har durƙusawa ya yi ya gaishe ni, ni kuma ba kunya na ɗaga masa hannu. Kai, daɗin da na ji a lokacin nan!

Ana gama fatiha sarki ya ɗago ya dube ni. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, sai wani dogari ya ce, "Kai mai kunnuwa, matso nan." Na matsa na faɗi na yi gaisuwa, hannu ɗaya na dafe da kai.

Sarki ya ce, "Ɗan wane ne kai a gidan nan? Ban tuna na haife ka ba."

Na ce, "Allah ya ba ka nasara, naɗin sarakunan Hindu ne."

Ya ce, "To madalla. Wane gari suka ba ka a can?"

Sai ya ce a warware a ga irin naɗin. Dogari ya kama jelar yana ja da baya, ni kuma ina juyawa a tsaye kamar mazari. Kamu biyar, kamu goma, mutane suka fara ƙirgawa da ƙarfi. A na sha takwas ƙoƙo ya sulluɓo, ya bugi kafaɗata, ya gangara a kan tabarma, bai tsaya ko'ina ba sai gaban liman.

Daga bayan zana, inda mata suke leƙe, muryar Inna ta taso: "La'ilaha illallahu! Ƙoƙona! Fanna, ki yafe mini, ashe ɓarawon a ɗakina yake kwana!"

Sarki ya yi dariya har ya share hawaye da bakin alkyabba. Sannan ya kira ni kusa, ya kama hannun rigata ya daɗe yana duba aikin. Ya ce, "Ɗinki kam ya yi. Amma wanda ya naɗa wa kansa sarauta tun ba a ba shi allurar fada ba, in an ba shi ina zan zauna?" Bukar aka ba, wanda ya zo da 'yar hularsa da ta sha wanki.

Na yi baƙin ciki sosai, har na kwana bakwai ban fita ba. Daga nan na koma rumfata, na shekara arba'in ina ɗinki da hula a kaina. Bukar kuwa duk aikin da ya gagare shi a fada sai ya lallaɓo ya kawo mini, mu zauna muna cin dabinon kwari, yana ce mini ranka ya daɗe. Ya rasu, Inna ta rasu, duk waɗanda suka yi ƙirgen nan sun tafi, kuma ina kewar dariyarsu fiye da yadda na taɓa son aikin fada.

Abin da na koya dai kaɗan ne, amma na biya shi da tsada: in ka je nuna aikin hannunka, ka bar kanka yadda Allah ya yi shi. Sarki ya sa rigunana shekara da shekaru, har ya koma ga Allah yana yabon hannun Bukar.