Muryar Inna da Ragon Suna

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yar da ƙanwata Rakiya ta haifa a Sokodé ba, don a ranar na tabbatar ni ce sarauniyar iya-yi a danginmu (har yau ba wadda ta ƙwace mini sarautar).

Jaririyar ta ci sunan Innarmu, wadda ta rasu bara waccan. Ni kaɗai ke da bidiyon Inna: tana zaune a tabarma tana tsince wake, tana rera waƙar da ta rene mu da ita. Minti biyu ne kacal. A Dapaong, inda nake sayar da atamfa, duk ranar da kasuwa ta ɓata mini rai sai in kunna in ji muryarta. Rakiya ta sha roƙona in tura mata, ina cewa sai na zo. Gaskiyar magana, so nake in kunna da hannuna a gaban taro, a ce Yaya ce mai adana.

Da safen suna na naɗa kaina mai ɗaukar bidiyo. Ana kayar da rago, potabul ɗina, wato wayata, ta ce wuri ya cika. Na hau zaɓar tsofaffin bidiyoyi ina gogewa, ko dubawa ba na yi. Wuri bai samu ba.

Mijin Rakiya ya leƙo ya ce, "Yaya, suna nan cikin korbel, kwandon shara. Bari in duba miki kafin ki zubar."

Na ce, "Ni za ka koya wa potabul?"

Na shiga kwandon na zubar da komai, na ɗauki rago tun daga yanka har fiɗa.

Bayan la'asar mata suka cika ɗaki. Tanti Zuwera, ƙanwar Inna, ta rungumi jaririya ta ce, "To, kunna mata, takwara ta ji muryar mai suna."

Na laluba sama, na laluba ƙasa. Garin sauri na kunna na ƙarshe, sai ga rago yana shure-shure, muryata a bayansa tana cewa, "Ku matsa, ba ku iya komai ba!" Ba wadda ta yi dariya. Da ma sun yi.

Rakiya ta ce, "Yaya, ina Inna?"

Na ce, "Na goge ta."

Tanti ta fara rera waƙar da kanta. Ta kakare a tsakiya, ni na ƙarasa mata ina kuka, da wannan muryar tawa mai kama da ta tsohuwar ƙofar kwano.

Har yanzu a Dapaong hannuna kan kai ga wayar in raina ya ɓaci, sai in tuna babu. Ina kewar muryar nan fiye da yadda zan iya faɗa. Na dai koyi tura wa 'yan'uwa abu tun kafin su roƙa. Bidiyon ragon, minti goma sha ɗaya cur, kowa a dangi yana da shi.