Hadarin Bauchi

A daminar farko bayan aurena, surukata ta kawo mana acca, ta wanke ta shanya a tsakar gidanmu na Rikkos. Tun hantsi gumi yake karyo mana.

Da azahar ta ce wa matata, "Kwashe accar nan, ruwa na tafe."

Ni kuwa na ƙare wa sama kallo kamar masani, na ce, "A bar ta, Hajiya. Wannan hadarin na Bauchi ne."

Ban rufe baki ba aka kece da ruwa, har da ƙanƙara. Acca ta bi kwata, kajin maƙwabta suka sha biki.

Hajiya ta rasu, Allah ya jiƙanta. Amma har yau da an yi tsawa sai matata ta leƙo: "Maigida, namu ne ko na Bauchi?"