Ranar Da Na Warkar Da Gicciyen Coci

Ba zan taɓa mantawa ba da gwanintar da na yi a Dutse, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Ni kafinta ne, kuma a lokacin ina jin kaina, ko kujera ka kawo gyaran ƙafa sai na ƙara mata abin da ba ka sa ni ba.

Gari ya ɗau zafi, Kiristoci da yawa sun kwashe iyalansu sun tafi. Ana cikin haka maƙwabcina Baba Istifanus, katikis, wato mai koyar da addini a wata ƙaramar cocin Katolika, ya kawo mini gicciyensu a nannaɗe cikin zane. Gara ta cinye katakon. A jikinsa akwai siffar mutum, wadda suke cewa Yesu ne.

"Malam, mutanenmu sun ce kada in ba Musulmi," in ji shi. "Na ce da su ni na tsaya maka. In abu ya ɓaci, aikina ne ya tafi."

Na canza katako tsaf. Da a nan na tsaya, da shi ke nan. Amma na dubi siffar nan, ga ƙusa a tafin hannu, ga tsaga a haƙarƙari, ga jan fenti ya zubo kamar jini. Tausayi ya kama ni (ni a tunanina wahalar ajiya ce ta yi mata haka). Na zare ƙusoshin, na cike ramukan da gam da garin katako, na goge jinin da sanfefa, na shafe ta da fenti. Har ƙayar da ke kanta na kankare.

Na kai musu da hantsi, dattawa na share coci. Na yaye zanen ina murmushi, ina jiran yabo.

Tsintsiyoyi suka tsaya. Wata tsohuwa ta sa kuka. Wani dattijo ya juya ga Baba Istifanus ya ce, "Ba mun gaya maka ba? Da gangan ya yi."

Fada, limamin cocin, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, a ƙa'idarmu gicciyen da ke wajen bagadi, teburin ibadarmu, dole a ga wanda aka gicciye a kansa. Raunukan nan su muke zuwa kallo. Za ka iya mayar da su?"

Sun ƙi yarda in sake fita da shi. Nan na durƙusa a tsakar cocin, na ɗauki guduma, na saita ƙusa a tafin hannun da na warkar. Kowane bugu sai ya amsa a kwanon rufi, tsohuwar nan kuma ta zabura. Kunya kamar in nutse. Na tsaga haƙarƙarin da kurfi, na ɗiga jan fenti, ba wanda ya ce mini sannu.

An rataye gicciyen, amma an karɓe makullan coci daga hannun Baba Istifanus. Bayan damina ya kwashe kayansa ya bar Dutse. Da ya zo sallama bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Na san da kyakkyawar niyya ka yi, Malam." Wallahi da ya mare ni ya fi mini sauƙi.

Yanzu ko kujera aka kawo, sai na tambayi mai ita inda yake so a gyara. Na gane akwai raunin da masu shi suke son abinsu, kuma ba su ɗauke ni likita ba.