Ni Kaɗai a Layin Malam Sani

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da zaɓen kansilan unguwarmu a Suleja ba, zamanin ƙato bayan ƙato. Don yaran yanzu: babu akwati, babu dangwale. Hoton ɗan takara ake kafawa a filin firamare, ka je ka tsaya a layinsa kowa na kallonka, a bi ku ana ƙirgawa kamar awaki a kara.

Lokacin ina saurayi, ɗan Zariya, ina buga takardu a wata ma'aikata a Abuja, ina haya a Suleja. Wannan aikin albashi ke nan. Aikina na gaskiya shi ne sharhi. Babu intanet, babu wayar hannu, bakina ne kawai, kuma wallahi ya ishi jama'a. In na shiga bas da safe, kafin mu wuce Dutsen Zuma na rushe gwamnati na kafa wata. Jarida kuwa a tsaye nake karanta ta wurin mai sayarwa (shafin farko kawai, don da ka buɗe ciki sai ya fara tarin ƙarya). Ka tambaye ni rikicin kowace ƙasa, yanzu in zayyana maka kamar da ni aka yi.

Mutum biyu ke neman kujerar. Akwai Alhaji Bawa, dillalin hatsi, akwai Malam Sani, matashin malamin makaranta. Ni na ɗauki Malam Sani, na bi teburin mai shayi da bakin tasha ina rantsuwa cewa zamanin tsofaffi ya wuce. Matsalar ita ce Malam Isyaku, mahaifin Hajara da nake nema, aminin Alhaji Bawa ne tun suna yara. Ga shi kuma ina jiran ya ba manyana ranar da za su zo daga Zariya neman aure, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Hajara ta ce min, "Don Allah ka ɗan rage surutun nan har Baba ya ba da rana."

Na ce mata siyasa ba tuwo ba ce, ta bar wa masu ita. (Har yau tana tuna min wannan maganar, musamman in tana tuƙa tuwon.)

Ana gobe zaɓe na tafi Lambata sunan ɗan abokina. Can ma na samu masu saurare, hira ta yi daɗi, na kwana. Da safe daga mota ban ko biya ɗaki ba, na zarce filin firamare da shaddata ta suna.

Layin Alhaji Bawa ya miƙe har ya lanƙwasa ta bayan ajujuwa, maza gefe, mata gefe. Wurin hoton Malam Sani kuwa ko kaza babu. Mai hankali da ya tsaya ya yi tambaya. Ni sai na yi murmushi, na ce a raina dabara ce, mutanenmu sai an kusa ƙirga za su ɓullo gaba ɗaya. Na je na tsaya, na gyara hula, na harɗe hannu.

Sai aka fara yafito ni daga wancan layin. Mai shayinmu har da 'yar fito. Na ɗaga murya na ce, "Ku nemi wani, ni ba a saye na da sabulu da turmin atamfa."

Can sai ga Malam Isyaku da kansa ya fito daga layi, yana tafe a hankali da carbinsa. Ya matso kusa, ya rage murya, ya ce, "Ɗana, zo gefe in gaya maka wata magana."

Jama'a, ban san abin da ya hau kaina ba. Na ɗan rusuna (ladabin ke nan da ya rage min), sannan na ce yadda kowa zai ji, "Baba, ina ganin girmanka, amma yau ranar ƙasa ce, ba ranar surukuta ba."

Ya dube ni, ya dubi hoton da ke gabana, ya gyaɗa kai, ya juya. Na bi shi da kallo ina jin kaina wani gwarzo, har ya koma gurbinsa. Wa zan gani a gabansa? Malam Sani. Ɗan takarar nawa, a layin Alhaji Bawa, ya ja hula ta rufe masa rabin fuska.

Da muka haɗa ido sai ya ɗago hannu ya ce, "Yi haƙuri ɗan'uwa, ai tun jiya na janye. Dattawa sun yi sulhu bayan la'asar, an faɗa a masallaci."

Ashe kaf unguwar sun sani, har kurman tela. Hoton ma ma'aikatan zaɓe ne suka ce sai an kafa, don janyewar ba ta kai ofishinsu ba. Na ɗaga ƙafa zan sulale, ɗan sanda ya busa usur, ya ce an fara ƙirga, kowa ya tsaya inda yake. Haka na tsaya a rana, gumi na bin bayana, ana ta ƙirga wancan layin kamar ba za a gama ba.

Daga ƙarshe mai ƙirgar, wata 'yar kudu mai tabarau, ta iso kaina. Ta leƙa bayana, ta sake leƙawa, ta ce, "Oga, na only you?" Sannan ta juya ta sanar da ƙarfi cewa Malam Sani yana da ƙuri'a ɗaya. Filin ya kece da dariya. A layin mata na hango Hajara ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Ban sani ba ko kuka take ko dariya, kuma ban yi ƙarfin halin tambaya ba. Kunya kam na ji ta har cikin ƙashina.

Na daina zuwa zance, na koma shiga bas ta wata tasha, bakina gum. Na riga na sallama Hajara, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai, don ina son ta. Sai ran nan Malam Isyaku ya aiko kirana. Na tafi, na durƙusa a zaure.

Ya ce, "Ka gaya wa manyanka su zo bayan salla. Wanda ya tsaya shi kaɗai a rana saboda mutumin da ya tsere ya bar shi, ba na jin zai tsere ya bar 'yata." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ka riƙa leƙo masallacin unguwa. Mu ma muna da labarai."

Sharhi dai ban daina ba, ƙarya zan yi in na ce na daina. Sai dai yanzu kafin in buɗe baki kan kowace magana, sai na fara tambayar Hajara me aka ce a unguwa jiya.