Baban Shekarau a Zanen Yaƙin Bama

Wani mutum ne a garinmu, shekarun baya, ana ce masa Shekarau mai gyaran keke. Siriri ne kamar sillen kara, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya ci Jamus da yaƙi. Magana ɗaya biyu, sai ya daki ƙirji, dim!

"Mu jinin soja ne! Babana a yaƙin Bama, hannu ɗaya bindiga, hannu ɗaya gurasa, yana ci yana harbi!"

To, sai ya faɗa neman wata bazawara, Tabawa mai atamfa. Masu sonta ba sa ƙirguwa, har da wani malamin makaranta mai babur. Shekarau ya ga keke ba zai ja da babur ba, sai ya ƙara wa labarin gishiri.

"Kin san gidan 'yan mazan jiya na bayan tasha? Akwai zanen yaƙi a bangonsu, daga wannan kusurwa har waccan. Jarumin da ke tsakiya, babana ne."

Tabawa ta ce, "Kai ni in gani."

Shi kuwa ta taga kawai ya taɓa leƙen zanen. Amma ya ce, "Gobe ma!"

Washegari da hantsi ya sha babbar riga ta aro, ya kwaso abokai har bakwai don su zama shaida. Suka shiga. Ga zane kuwa, wani tsohon soja ne ya yi shi bayan sun dawo: daji kore shar, hayaƙi, wuta ta ko'ina. A tsakiya ga wani ƙato ya saɓo abokinsa da aka harba, yana ratsa kogi da shi.

Shekarau ya ƙame, ƙafa ɗaya ta daki ƙasa, fau! Ya sara wa bango.

"Baba! Ga surukarka na kawo maka!"

Har da matso ƙwalla. Tabawa ta dafe ƙirji, ta ce, "Allah sarki!"

Ashe a gefe akwai wani tsoho a kujera, Saje Arzika, mai kula da gidan. Ya dogara sanda, ƙwas, ƙwas, ya matso.

"Yaro, ɗan wa ne kai?"

"Ɗan Barmo, Baba."

"Barmo kuku? Mai dafa mana wake? Ikon Allah! Ai kuwa ubanka yana cikin zanen nan."

Shekarau ya juya, ya buɗe hannuwa. "Kun ji ko? Kun ji da kunnenku?"

"Amma wannan na tsakiya ni ne," in ji Saje. "Zo ka ga naka."

Ya ja su can ƙarshen bango, ƙasa-ƙasa, ya nuna da sanda. Wata ƙatuwar tukunya ce a kife, ƙafafu biyu sun leƙo ta ƙarƙashinta.

"Ga Barmo nan, Allah ya jiƙansa."

Wani cikin abokan ya toshe baki, dariya ta ƙwace ta hanci, fuuu!

Gumi ya karyo wa Shekarau. "Ai... ai dabarar yaƙi ce! Kwanton ɓauna ya yi musu!"

"Wane kwanto, ɗana? Saura kwana biyu a fara harbi ya shige. Da waken da komai ya kife ta, muka yi yaƙin da yunwa. Da aka gama, sai da mutum huɗu suka yi masa rantsuwa cewa yaƙi ya ƙare kafin ya fito."

Abokai suka zube, wani na dukan bango, wani na riƙe ciki yana neman ruwa. Shekarau ya ce ƙila wani Barmon ne daban, ai Barmo da yawa a duniya.

Tabawa kuwa ta matsa kusa da bangon. Ta durƙusa, ta ƙura wa zanen ido. Ta juyo, ta ɗaga bakin babbar rigar Shekarau, ta dubi ƙasa. Ta sake duban bango.

"A'a, Malam Shekarau, kada ka yi musu. Wallahi ƙafar gidanku ce, har kaushin."